Hasken Ado a Gida da Garka: Tambayoyin da Mutanen Yamai Suka Fi Yi Mini

Sana'ata haɗa wutar gidaje ce a nan Yamai. A da in an kira ni, maganar ba ta wuce ampul a ɗaki, ampul a tsakar gida, sai wurin panka da firiji. Yanzu kuwa mutum zai miƙo mini waya ya nuna hoton wani gida, ya ce yana son iccen mangwaron ƙofarsa ya yi irin wannan kyau da dare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne daga Kwara Kano har Talaje, shi ya sa na tara su wuri guda da amsoshin da nake bayarwa.

Mene ne hasken ado, kuma me ya raba shi da ampul ɗin da muka saba?

Wutar gida kashi uku ce. Akwai ta gama-gari, wadda ke sa ka ga hanya kada ka yi tuntuɓe da buta. Akwai ta aiki, kamar ta kan keken ɗinki ko ta madafa. Ta ukun ita ce ta ado: ƙaramar fitila da aka auna ta kan abu guda, icce ne ko zanen bango ko tulu, domin idon mai shigowa ya fara sauka a kansa. Masu wannan aiki suna bin wani ma'auni, cewa abin da aka haska ya fi kewayensa haske kamar sau uku. In bai kai haka ba, ido ba ya lura da shi.

Abin da ke wuyar shiga zuciyar mutane shi ne, duhun da ke gefe yana cikin aikin. Farin wata yana yin kyau ne saboda sararin da ke bayansa baƙi ne.

Malam, ni fa ina da babbar furojekta a tsakar gida, ko'ina fes kamar rana. Me kuma zan ƙara?

Alhaji, kafin a ƙara sai an rage. Furojekta mai wat 100 da aka kafa a saman bango tana wanke gida da farin haske ta share duk wata inuwa. Icce ya zama kamar an zana shi a takarda, bango ya koma fili ɗaya, wanda ke zaune kan tabarma kuma yana ta runtse ido. Ko ka sa ƙaramar fitila goma a gindin itatuwa, babu wadda za ta fito a ƙarƙashin wannan haske.

Ba na cewa a cire ta. Ranar suna ko ranar ɗaurin aure za a neme ta, haka in an ji motsi da tsakar dare. A ba ta makunninta dabam, ko a sa mata na'urar da ke kunna ta in wani ya gitta. Sauran dare a bar wa ƙananan fitilu.

Game da tsaro ma, haske mai kashe ido yana ɓoye ɓarawo. Idon mai gadi yana sabawa da wurin da ya fi haske, sai lungun bayan mota ya zame masa baƙi ƙirin. Haske kaɗan-kaɗan da aka rarraba ya fi nuna motsi.

To me ya cancanci a haska a gidan irinmu?

Ka tsaya a bakin ƙofa bayan magariba ka tambayi kanka: in baƙo ya shigo, me nake so ya fara gani? Amsar ita ce abin da za a haska. A tsakar gida abu biyu ko uku sun isa, a ɗaki kuwa ɗaya ko biyu.

Muna da abubuwan da haske ke so fiye da yadda muke zato. Tulun garin Bubon da aka yi wa zane da farar ƙasa, in aka ajiye shi a kusurwa aka sa masa fitila daga gefe, ya fi duk wani gilashin ado da aka shigo da shi daga waje. Haka faifai da aka jera a bango, da bargon saƙa irin na Zabarmawa, da matashin fata na Buzaye, da allon zayyana na yaron da ya sauke. A waje kuma akwai gangar giginya, da rassan goruba, da ƙofar ƙarfe mai ado, da rumfar zana. Duk abin da ke da gurzau ko tudu da kwari a jikinsa, haske zai yi masa kyau. Abin da yake sumul mai sheƙi kuwa, maido maka hasken zai yi a ido.

Fari zan saya ko mai ruwan ɗorawa?

Duba jikin kwalin, za ka ga lamba da harafin K a bayanta. 2700K ko 3000K shi ne mai ɗumi, ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar na tsohuwar ampul. 4000K tsaka-tsaki ne. 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi, kuma shi ya cika shaguna, don mutane suna ganin ya fi haske.

A aikin ado ina tsayawa kan 2700K zuwa 3000K, kuma dalilina ƙasarmu ce. Jan laka, jan dutse, yashi, itacen ƙofa, fatar mutanen da ke zaune a wurin, duk launukan ɗumi ne. Farin 6500K yana mai da jan bango toka-toka, fuskar mutum kuma ta yi kamar marar lafiya. A bar shi a madafa da gareji. Abu ɗaya da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne gauraya su a wuri guda, wannan icce fari, wancan ruwan ɗorawa.

Akwai wata lambar kuma, CRI ko Ra, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya. Ta kai 80 ta wadatar a waje. In saƙa ce ko zane mai launuka za a haska, a nemi 90. Hajiyoyin da suka taɓa sayen atamfa da dare suka ga ta canza launi da safe sun san wannan magana ba sai an yi musu bayani ba.

Wat nawa ya kamata?

Wat yana gaya maka wutar da fitila ke ci. Yawan haskenta kuwa da lumen ake auna shi. Tsohuwar ampul mai wat 60 tana ba da kamar lumen 800, ta LED kuma tana ba da wannan da wat 8 zuwa 10. Saboda haka a hasken ado lambobin ƙanana ne ƙwarai. Tulu ko ƙaramar shuka, wat 1 zuwa 3. Icce matsakaici, wat 3 zuwa 5. Dogon icce kamar giginya, wat 7 zuwa 10.

Abin da ya fi wat muhimmanci shi ne faɗin hasken, wanda ake rubutawa da digiri. Mai digiri 15 zuwa 24 siriri ne, yana tafiya nesa kamar tocila, ya dace da ganga doguwa ko ginshiƙi. Mai 36 na yau da kullum ne. Mai 60 yana bajewa, ya dace da icce mai faɗin kai ko bango. Masu shago da yawa ba su tambayarka wannan, kai za ka nema a jikin kwali.

Gidanmu na gargajiya ne a Tawa, bangon laka mai zane. Yaya za a haska shi ba tare da an ɓata shi ba?

Wannan tambaya ta fi kowace faranta mini rai, don babu bangon da ke karɓar haske kamar na laka. Hannun magini yana nan a jikinsa, kowane shafi da ya yi da tafinsa ya bar tudu da kwari. Jihar Tawa kuwa ta gaji wannan sana'a. Masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da laka aka yi shi, kuma duk wanda ya gan shi da hantsi ko da la'asar sakaliya ya san yadda rana ke fito da jikinsa in ta zo daga gefe.  Aikin fitila shi ne ta kwaikwayi ranar la'asar.

Yadda ake yi: a ajiye fitilar a ƙasa kusa da bango, tazarar santimita 20 zuwa 30, tana kallon sama, hasken yana shafar bangon yana hawa. Kowane layi na dagi zai samu inuwarsa, zankwaye kuma su fito a sararin sama. In ka ja ta baya kamar mita ɗaya da rabi, inuwar za ta ɓace, bangon ya yi haske bai ɗaya. Wannan na biyun shi ya dace da bangon siminti mai fenti, domin hasken da ke shafa yana tona asirin duk inda mai shafe ya yi sakaci.

Roƙona ɗaya: kada a fasa jikin laka don binne waya. Duk tsagar da aka yi hanya ce ta ruwa da gara. Waya ta bi ƙasa cikin bututun roba, fitila ta zauna kan ɗan dakalinta, nesa da inda indararo ke zubarwa.

A ɗaki fa? Ina da hoton Ka'aba babba a falo, da kabad ɗin kayan jere.

Hajiya, hoto mai gilashi yana da ƙa'idarsa. A sa fitilar a rufi, ta sauko kansa a karkace kamar digiri 30 daga tsaye. In rufin ya kai mita 3, tsakiyar hoton kuma yana mita ɗaya da rabi daga ƙasa, fitilar ta nisanci bangon da kamar santimita 85 zuwa 90. In ta matsa kusa, katakon hoton zai jefa inuwa a kansa. In ta yi nisa, gilashin zai maido hasken cikin idon wanda ke zaune a kujera.

Kabad kuwa daga ciki ake haska shi. Siririn zaren LED a gaban kowane hawa, a ɓoye bayan ɗan katako yadda ba a ganin ƙwayoyinsa, yana kallon ciki. Tasoshi da kwalla da kofunan gilashi suna da sheƙi da kansu, haske kaɗan ya ishe su.

Ga wani abu da littattafan ƙasashen sanyi ba su damu da shi ba, mu kuwa dole ne: panka. Duk fitilar rufi da haskenta ke ratsa fikafikan panka za ta riƙa walƙiya a ɗaki, ƙifta-ƙifta, har kai ya yi ciwo. Kafin a huda rufi, a auna da'irar da pankar ke kewayawa, a fitar da fitilun wajenta da tazara.

Mai staf, wato adon rufi na filasta, ya huda mini rami goma sha biyu a rufin falo. Duka zan sa?

A'a. Rami goma sha biyu a jere suna kallon ƙasa hasken gama-gari ne kawai da aka yayyanka. Ka zaɓi uku ko huɗu da ke kusa da abin da kake son nunawa, ka sa musu irin fitilar da ake juya kanta. Sauran a haɗa su kan makunni na dabam, ko a toshe. Zaren LED da ake ɓoyewa a lungun staf kuma a shimfiɗa shi kan sandar alminiyam. Tana janye masa zafi, ga shi gam ɗin bayansa ba ya jure bazarar Yamai, wata biyu sai ka ga ya saki yana lilo.

Yaya ake haska icce?

Kowane icce da halinsa, kuma a nan ne nake ɗaukar lokaci.

Giginya da dabino gangarsu ce adonsu. Fitila siririya guda a gindi, santimita 30 zuwa 50 daga ganga, tana kallon sama, za ta bi jikin har ta kama ƙarƙashin ganye. Goruba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, don haka a ɗan ja baya domin rassan su fito duka.

Mangwaro da bedi, wato dogon yaro, kansu a cike yake, haske ba ya ratsa su. In ka harba daga gindi, ƙarƙashin ganyen kaɗai zai haska, ya zama kamar rufin rumfa. Wannan ma yana da kyau in nan ake zama. In kana son siffar iccen ta fito daga nesa, sai fitila biyu masu faɗi daga waje, kowace ta gefenta. Akwai kuma dabarar da na fi ƙauna: a hau iccen a ɗaura ƙaramar fitila can sama tana kallon ƙasa, haskenta ya ratso ganye ya zuba inuwa a kan yashi kamar daren sha huɗu ga wata. A ɗaura ta da maɗauri mai saki, a riƙa sassauta shi duk shekara. Waya da aka ɗaure tam za ta shige cikin ɓawo yayin da icce ke ƙiba.

Gawo kuwa shi kaɗai ne da al'adarsa, yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Wanda ke da shi a garka yana da icce biyu a shekara: da damina farin reshe tsirara wanda haske ke bi har ƙarshe, da rani kuma kai mai ganye. Kuka ma da rani, in ta kaɗe, babu abin da ya kai jikinta kyau a hasken ɗumi.

Shukar da ba ta wuce gwiwa ba a bar ta tukuna. Kuma a tuna icce yana girma, fitilar da ke kan turke ana iya matsar da ita, wadda aka binne cikin siminti ta zauna ke nan.

Ba za ta tara mana ƙwari ba? Da damina ba mu iya zama kusa da ampul.

Za ta tara, amma ana iya ragewa sosai. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai juya sashen hasken zuwa ɗorawa. Ƙirƙirar shuɗin ce ma ta sa aka ba masana uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Ƙwarin dare sun fi bin ɓangaren shuɗin, saboda haka 6500K ya fi 2700K kiran su. Ga dalili na biyu ke nan na zaɓen mai ɗumi.

Sai kuma wurin ajiyewa. A nan hasken ado ya fi ampul ɗin baranda, domin yana can gindin icce, ku kuna nan kan tabarma. Ƙwarin su tafi can. Amma a sani, inda ƙwari suka taru, kwaɗi da tsaka za su zo, kunama ma takan biyo abincinta. Kada a sa fitilar ƙasa dab da inda yara ke kwana, ko bakin ƙofar ɗaki. Lokacin hangara, ƙwaron nan da ke tayar da fata in an murje shi a jiki, gara a kashe duk wata fitila da ke kusa da wurin shimfiɗa. Sauro dai numfashinmu da warin jikinmu yake bi, canza ampul ba zai maye gurbin gidan sauro ba.

Ƙura da ruwan sama ba za su kashe su ba?

Nemi haruffan IP da lamba biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 yana jure yayyafi a ƙarƙashin rumfa, amma ƙurar hunturu tana shiga cikinsa. A fili, mafi ƙaranci IP65: shida na nufin ƙura ba ta shiga sam, biyar na nufin tana jure feshin ruwa. Wadda za a binne daidai da ƙasa sai IP67, wadda ke jure nutsewa na ɗan lokaci, kuma a zuba tsakuwa a ƙarƙashinta don ruwa ya tsiyaye.

Na taɓa binne fitilu shida a wani gida da ke gangare ta wajen kogi. Da rani sun yi kyau ƙwarai. Ruwan Agusta da ya kwanta kwana biyu a tsakar gidan ya shiga ta mahaɗar wayoyin, ko da yake fitilun kansu lafiya lau suke. Na sake aikin da kuɗina, kuma tun ranar ba na barin mahaɗa a ƙasa sai cikin akwatin da aka cika da gam mai hana ruwa. Duk wanda ke unguwannin da ambaliyar 2020 ta shafa, kamar Saga da Harobanda, ina ba shi shawarar fitilar turke ko ta bango.

Zafi ma yana kisa, a hankali. Fitilar roba baƙa da ke shan ranar Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, takan tsage, na'urar cikinta ta gaji. A nemi mai jikin alminiyam. Araha ba ta ado. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge gilashin da ɗanyen tsumma duk mako, don ƙurar kwana kaɗan tana dushe haske ƙwarai.

Wutar gida kai tsaye zan ja, ko sai da taransfo?

A garka, inda ake ban ruwa, yara na gudu ba takalmi, mai aiki na sara da hauya, ni volt 12 nake ja. Taransfon yana zama a cikin inuwa kusa da bango, yana sauke 220 zuwa 12, kuma ko hauya ta datse wayar babu wanda zai mutu. Kada a ɗora masa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Aibin volt 12 shi ne yana raguwa a doguwar waya, fitilar ƙarshe ta fi ta farko dushewa. In tafiyar ta kai mita 20, a sa waya mai kaurin milimita murabba'i 2,5, ko a raba layin biyu.

In dole sai 220, to sharuɗɗa uku ba a sasanta su. A binne wayar cikin bututu a zurfin santimita 50 aƙalla, da jar ragar gargaɗi a samanta. A haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa. A sa dizonkta mai yanke wuta da zarar ta fara zurara, ta miliampa 30. Wannan aikin mai sana'a ne, kada a ba yaron gida don ya iya canza ampul.

Ƙananan fitilun sola da ake sokawa a ƙasa fa?

Don nuna gefen hanya suna da amfani, kuma ba su buƙatar waya. Haskensu dai bai isa ya hau icce ba, batirinsu ƙarami ne, kuma yana kwana yana wuni cikin zafi, don haka ba ya daɗewa. Ga kuma wani cikas: gindin icce inuwa ne, fitilar da pannonta, wato faifan da ke karɓar rana, ke manne a kanta ba za ta sami rana ba. A nemi wadda pannonta ke rabe da doguwar waya.

Wanda ke da ɗan hali, ƙaramin tsari guda ya fi. Fitila 6 masu wat 3, awa 5 a dare, wat-awa 90 ke nan. Panno mai wat 50 da batir ɗaya na volt 12 da ke ajiye a inuwa sun ɗauki wannan da rara da irin hasken ranar da muke da shi. Rana ce dai arzikinmu, ita tashar Malbaza ke juyawa wuta tun 2018, haka ta Goru Banda tun 2023. Ranar da wutar gari ta ɗauke, tsakar gidanka na nan da haskensa. A riƙa share pannon kawai.

Nawa zai ƙara mini a takardar kuɗin wuta ta NIGELEC?

Lissafa da kanka. Fitila 5 masu wat 5, wat 25. Awa 5 a dare, kwana 30, ya kama kilowat-awa 3,75 a wata. Duba farashin kilowat-awa a takardarka ka ninka. Furojekta ɗaya mai wat 100 da ke kwana kunne awa 10 tana cin kilowat-awa 30 a wata, ninki takwas ke nan.

Masu canza launi, ja, kore, shuɗi, suna yi?

Ranar biki ko Sallah, a yi wa yara. Kullum kuwa a'a. Koren haske a kan ganye yana canza ainihin launin ganyen, shuɗi kuma ya tara ƙwari.

Maƙwabcina ya yi ƙorafi wai haskena yana shiga gidansa. Ba gidana ba ne?

Gidanka ne, Alhaji, amma hasken ya tsallaka katanga, kuma maƙwabcinka yana da gaskiya. Mu mutane ne masu kwana a waje. Daga Maris har ruwa ya sauka, rabin Yamai a tsakar gida take shimfiɗa. Matan gida suna sakin jiki a wurin don sun san duhu da katanga sun rufa musu asiri. Fitilar da ka harba sama ta haska saman iccen da ke kan iyaka tana iya zubo haske a kan shimfiɗarsu, ta hana jariri barci, ta sa uwar gida ta koma ɗaki cikin zafi. Haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanka a nan.

Gyaran ba shi da wuya. Ka juya fitilar ta kalli cikin gidanka, ka sa mata ƴar hula ta gefe, ka rage ƙarfinta. Sa'an nan ka yi sallama ka shiga gidansa da dare ka duba da idonka, domin daga naka ɓangaren ba za ka taɓa ganin abin da yake gani ba. Ka kuma sa agogon da ke kashe fitilun ado wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Bayan nan babu mai kallon icce, tsuntsayen da ke kwana a kansa ma suna bukatar duhu, kai ma in ka kwanta ka ɗaga ido za ka so ganin taurari.

Haka ma a cikin gidanka: zauna a duk inda ake zama, kan tabarma, kan kujera, bakin ƙofar madafa. In daga wani wuri kana ganin ƙwayar fitilar kanta, a juya ta ko a ɓoye ta bayan dutse ko tukunyar fure.

Gidan haya nake. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai. Fitilar turke a cikin tukunyar shuka, fitilar ajiyewa a ƙasa bayan tulu, zaren LED a cikin kabad, duk da soket suke aiki. Ranar tashi ka naɗe kayanka.

Ta ina zan fara kafin in kashe ko dala?

Da tocila. Bayan isha'i ka kashe duk wutar tsakar gida, ka ba yaro tocila mai ƙarfi, kai kuma ka zauna inda ka saba zama. Ya ajiye ta a gindin icce, ya matsa kusa, ya ja baya, ya koma gefe, ya kwantar da ita jikin bango. In fara ce sosai, a rufe bakinta da ledar ruwan ɗorawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: inda ka ji ka ce "tsaya nan", a kafa tsinke a wurin. Ka kira uwar gida ita ma ta zauna a nata wurin ta duba, don ita ta fi ka daɗewa a tsakar gidan.

Gobe ka sake, ko ra'ayinka zai canza. In tsinken ya kwana biyu a wuri guda, ka sayi fitila ɗaya tak, ka ja mata waya ta wucin gadi a saman ƙasa, ka zauna da ita mako guda. Sai bayan nan a kira mai haƙa.